Wai da gaske akanta marowaci ne? Ina neman shawara kan mai neman ƙanwata

Yayar Auta, Zariya

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka san aikin akanta daga ciki, ko suke zaune da akanta a gida ɗaya, ku nake roƙo ku amsa mini.

Autarmu ce wani yaro ya fito nema. Tun rasuwar mahaifiyarmu a hannuna take, shi ya sa duk maganar da ta taso a kaina take fara sauka kafin ta isa wurin baffanninmu. Yaron akanta ne a wani kamfanin sarrafa shinkafa a Kano. A nan ABU ya yi digirinsa, yanzu kuma yana rubuta jarrabawar ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya. An aika an yi bincike a unguwarsu, ba a dawo da abin ƙi ba: ana ganinsa a masallaci, ba ya shaye-shaye, shi ke ɗauke da mahaifiyarsa da ƙannensa.

Amma tun ranar da Gwaggo ta ji sana'arsa ta kafe. Ta ce akanta ba mijin aure ba ne. Wai zai riƙa ƙirga wa yarinya dunƙulen magi, ya auna mata shinkafa da gwangwani, in ta aika kasuwa ya ce ina canji. Ta ce laifin babba rowa, ita ba za ta zuba ido a kai 'yar ɗan'uwanta gidan da za ta rame ba. Matar Baffa kuma ta ɓullo ta wani gefen, ta ce duk akanta ɓarawo ne mai biro, wanda ba a kama yau ba gobe za a kama shi, har tana kawo misalin Akanta Janar ɗin nan da EFCC ta kama.

Ranar da ya zo gaishe ni abin ya ƙara ƙarfi. Siriri ne, da farin tabarau, ga biro maƙale a aljihun kaftani, in ka tambaye shi abu ya ba ka gajeriyar amsa ya yi shiru. Yana fita 'yan matan gida suka fashe da dariya, wai ko ba a faɗa ba da gani ka ga akanta. Ga kuma abin da Gwaggo ta riƙe hujja: ya ce wa ƙanwata ta rubuto masa kayan lefen da take so, kowanne da kuɗinsa a gefe.

Ni ma ina da nawa tabon. Malamar firamare ce ni, kuma akantan da muke zuwa wurinsa in albashi ya zo da matsala ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Za ka yi sallama ya amsa kai a sunkuye, ya ce takardarka ba ta cika ba, ka koma. Shi ya sa in Gwaggo na magana nake kasa musa mata da ƙarfi, alhali yarinyar tana son yaron, ni kuma ban ga aibinsa ba.

Aikin ne yake mayar da mutum haka, ko masu irin wannan hali ne suke zaɓen aikin, ko kuwa duk faɗe ne? Kuma me zan duba a jikin yaron nan in gane halinsa? Ba na so in jefa marainiya cikin wahala, ba na kuma so in raba ta da mutumin kirki saboda ji-ta-ji-ta.

Tsohon Ma'aji, Katsina

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri kan riƙon marainiya. Ni a ofishin kuɗi na ƙaramar hukuma na yi aikina, daga ƙaramin akawu har na riƙe ma'aji, har na yi ritaya. Duk sunayen da kika lissafa an kira ni da su, wasu a bayan ido, wasu a gabana.

Gwaggonki ta ce marowaci, matar baffanki ta ce ɓarawo. A ofis mutum ɗaya ne yake kiranka da duka biyun. Ranar da ka hana shi, kai marowaci ne. Ranar da ya ga ka sa sabuwar taya a babur ɗinka, kai ɓarawo ne. Mutane suna ganin kuɗi na wucewa ta teburinka, sai su ɗauka naka ne, ko a ƙalla kai ke da ikon ba da shi.

Alhali kafin a biya ko naira ɗaya, sai mai ikon amincewa ya sa hannu, a rubuta bauca, wato takardar biyan kuɗi, a duba ko sashen yana da saura a abin da kasafin shekara ya ware masa, odita, wato mai binciken kuɗi na cikin gida, ya duba ya buga hatimi, sannan kashiya ya biya. In kason ya ƙare, ko da akwai kuɗi a banki ba ni da ikon ɗauko na gyaran rijiya in biya kuɗin tafiya da shi. In na ba ka kuɗin tafiya kafin ka tafi, dole ka dawo mini da rasit, in ba haka ba sunanka yana nan a littafi cikin waɗanda ake bi bashi, kuma ni za a tambaya. Mai takarda bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Fuskata kawai ya gani.

Ga wanda ya fi ciwo. Shugaba zai kira ka da safe ya ce wannan watan kada a biya komai sai albashi. Da rana mutum ya shiga wurinsa da kuka, ya yi masa fara'a, ya rubuta "a biya" a kan takardarsa, ya ce je ka wurin ma'aji. Shi ya fita da sunan mai kirki, kai ka zama wanda ya hana, kuma ba ka da bakin da za ka ce ai shi ne ya hana tun da safe. Haka ake gina wa mutum sunan marowaci.

Ɗaure fuska kuwa koyonsa ake yi. Da na fara aiki mai yawan raha ne ni. Sai na ga duk wanda kuka yi dariya tare yau, gobe zai zo ya ce ka ɗora takardarsa a kan ta wasu, ko ka ara masa wani abu daga asusu zuwa ƙarshen wata, ba wanda zai sani. In ka ƙi, abota ta mutu, kuma ƙiyayyarsa ta fi ta wanda ba ku taɓa gaisawa ba. Da yawanmu sai muka zaɓi mu rufe ƙofar tun daga fuska. Ban ce daidai ba ne a amsa sallamar malama kai a sunkuye. Wannan rashin tarbiyya ne, kuma akwai shi a cikinmu kamar yadda yake a kowane ofis.

A dangi ma an san kai ne "mai kuɗin ƙaramar hukuma", alhali albashinka daidai yake da na duk wanda kuke mataki ɗaya a sashen noma ko na lafiya. In ka kai gudummawar biki daidai ƙarfinka, sai a ce ji abin da ma'aji guda ya kawo. Akantan da maroƙa suke yi wa kirarin kyauta, shi ya kamata a tsaya a tambayi inda yake samu.

Batun sata ba zan kare kowa ba. Kuɗin gwamnati ba ya fita ta ɓarauniyar hanya sai da sa hannun wani akanta, ko da shirunsa. Ma'aikatan bogi ba su suka rubuta sunayensu a takardar albashi ba. Abin da matar baffanki ta faɗa ma ya faru: a watan Mayu na 2022 EFCC ta kama Akanta Janar na Tarayya na lokacin bisa zargin naira biliyan 80, da aka je kotu adadin da ke cikin tuhumar ya kai biliyan 109. Hukunci na kotu ne, amma mu 'yan sana'ar mun ji nauyin labarin fiye da kowa. Sai dai ki tambaye ta, su wa suke bin sawun irin wannan kuɗi daga asusu zuwa asusu har a samu abin kai wa gaban alƙali? Masu irin karatun yaron nan ne.

Sana'ar kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, ta ce marubuci ya rubuta a tsakaninku da adalci. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasa, cewa ya yi shi mai tsarewa ne, masani. Sarautar Ma'aji tana nan a masarautunmu tun kafin a kafa ICAN a 1965.

Ki bar batun tabarau da biro. Ki sa a duba mahaifiyarsa: ta ƙoshi, tana da sutura, in ta yi ciwo wa ke kai ta asibiti? Matan maƙwabta sun sani. Sannan a duba ko rayuwarsa ta fi ƙarfin albashinsa. In ta fi, wannan shi ne abin gudu.

Ɗan Kwari, Kano

Salamu alaikum. Baba Ma'aji, Allah ya ƙara girma, ka yi bayani, amma ka yi mini izini in ɗan saɓa maka. Ni atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, ina da akanta da ke zuwa mini duk ƙarshen mako. Hajiya, Gwaggonki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Ban ce hannun jarirai ne da su ba. Nawa dai in muka fita cin abinci shi ke riga ni biya. Abin da na gani shi ne ba sa iya barin abu ya wuce ba a rubuta ba, kuma zama da irin wannan mutum yana da nauyi. Mu a kasuwa da baki muke ciniki. Ina da abokin hulɗa a Damagaram, tun mahaifina da mahaifinsa ake tare. Zai kira ni a waya, in ɗora masa dila a mota, ya biya bayan salla. Ba takarda, ba sa hannu, ba a taɓa jin kanmu ba. Akanta ya zo ya ce wannan bashi ya wuce kwana 90, a ware shi cikin waɗanda ake shakkar dawowarsu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da na san gidansa, na je jana'izar ubansa, a sa sunansa a layin shakka?

Haka in ƙanwata ta zo na ɗauko mata turmi biyu. Sai ya tambaya, kyauta ce ko bashi, daga shago ko daga aljihunka? Na ce masa shagon da aljihun duk nawa ne. Ya ce a littafi ba ɗaya ba ne. To ki ɗauki wannan hali ki kai shi ɗakin amarya ƙaramar yarinya, wadda ta saba in ƙawarta ta haihu ta ɗauki abin da ke hannunta ta kai barka. In ba mai haƙuri ba ce za ta ji kamar tuhumarta ake yi, ko da shi ba haka yake nufi ba.

Ban sallame shi ba, ba kuma zan sallame shi ba. Harajin VAT da ake ɗorawa a kan kayan da aka sayar ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun 2020, banki ba ya sauraronka sai da takardun shekara, babbar kasuwa ba ta yiwuwa ba irinsu. Shi ke fitar mini da lissafin zakka, ɗaya cikin arba'in, ya ƙirga har kayan da ke sito da bashin da ake sa ran biya, bai taɓa neman ya rage ko kwabo daga haƙƙin talakawa ba. Amana akwai. Sauƙin kai ne ban gani ba. A tambayi yarinyar ko za ta iya zama da mai yawan tambaya.

Matar Akanta, Kaduna

Yaya, ni a cikin abin nake. Zan faɗa miki yadda gidana yake, ban ce kowane gida haka yake ba.

Kafin aurena an faɗa mini duk abin da ake faɗa muku, har da maganar magi. Maigidana bai taɓa shiga kicin ya buɗe tukunya ko ya ce ina canji ba. Albashi na shiga yake turo mini kuɗin cefanen wata gaba ɗaya, yadda na juya su ruwana. Da kaka yake sayen masara da wake buhu-buhu suna araha, ya ajiye. Kuɗin makarantar yara tun ana hutu an ware su. A layinmu an sha koro yara saboda kuɗin makaranta daga gidajen da suka fi mu samu nesa ba kusa ba, nawa ba a taɓa ba.

Abin da dangina suke kira rowa shi ne ba ya liƙi a wurin biki, kuma in anko ya zo uku a wata ɗaya zai ce in zaɓi ɗaya. Mijin yayata direban babbar mota ne, in ya dawo daga Legas kowa a gidanmu sai ya shaida, ana ta sa masa albarka. Shi ne kuma yake kulle sito ya tafi da mabuɗi, ta yi ta aiko mini yara in taimaka mata da man gyaɗa. Shi ba wanda ya taɓa ce masa marowaci.

Wahalar da ke ciki ita ce wadda ba wanda ya gaya mini. Ƙarshen wata ba ki da miji. Ana rufe littafi, ana haɗa albashi, harajin ma'aikata dole ya shiga zuwa 10 ga wata, na VAT zuwa 21. Daga Disamba har masu bincike na waje su gama nasu, sai bayan isha'i yake dawowa, ido ja, ya ci abinci yana kallon bango. In lissafi ya ƙi daidaita, ko bambancin naira 500 ne, ba ya barci. Amarya za ta ɗauka fushi yake da ita ko ya daina sonta. Ki gaya wa ƙanwarki wannan tun yanzu.

Alhaji na Kwari ya yi gaskiya cewa zama da su yana da nauyi, amma ni a abu ɗaya na gan shi, ba sa son ba-zata. In na ce gobe ina buƙatar abu kaza, zai yi jim. In na faɗa tun farkon wata, ranar na zuwa zan ga kuɗin ban tuna masa ba. Amma ciwo da rasuwa ba sa cikin wannan. Da mahaifina ya kwanta asibiti, shi ya fara biya tun 'yan'uwana maza ba su gama waya da juna ba.

Batun lefe, ki tambayi ƙanwarki me ya yi da takardar. In ya bi ta yana soke abubuwa yana ciniki da ita, to a yi tunani. In ya karɓa ne don ya san nawa zai tara da wata nawa zai ɗauka, wannan ba rowa ba ce.

Odita 'Yar Gombe, Abuja

Anti, sannu da ƙoƙari. Ni na gama ICAN, ina aiki da wani kamfanin binciken kuɗi. Zan yi magana a kan kama da shirun, tunda manya sun gama da batun kuɗi.

A ofishinmu akwai mai ƙiba, akwai siriri, akwai wanda duk Asabar yana filin ƙwallo, akwai mai surutun da sai an roƙe shi ya yi shiru. Ni da hijabina nake shiga sito ranar ƙirgar kaya ta ƙarshen shekara, in hau kan buhuna ina ƙirgawa, ƙura har cikin kunne. Wanda ya gan ni a ranar ba zai ce ga mai aikin ofis ba. Tabarau kuwa malamai da teloli ma suna sawa, ba wanda ya ce alamar rowa ce.

Kuma in an ce akanta, namiji ake hasko wa, alhali Olutoyin Olakunri ta zama ƙwararriyar akanta tun 1963, daga baya ta shugabanci ICAN. Zainab Shamsuna Ahmed, da ta riƙe ministar kuɗi daga 2018 zuwa 2023, fannin ta karanta a ABU ɗin nan ta garinku. Masu cewa akanta ba ya iya shiga mutane su dubi Ibrahim Hassan Dankwambo, daga kujerar Akanta Janar ya fito ya shiga yaƙin neman zaɓe, ya yi gwamnan jiharmu daga 2011 zuwa 2019. Shi kansa uban sana'ar a Najeriya, Akintola Williams, wanda ya ƙware a Ingila a 1949 ya buɗe kamfaninsa a Legas a 1952, mai son kiɗa ne, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar raya kiɗa ta MUSON. A 2023 ya rasu yana da shekara 104.

Shirun yana da dalilin da ba a faɗa ba tukuna. Akanta ya san albashin kowa a wurin aikinsa. Ya san wanda ake cire wa bashin banki, da wanda ya karɓi rance don auren da matarsa ba ta ji ba tukuna, da ko kamfanin yana dab da durƙushewa tun ma'aikata ba su sani ba. Riƙe sirri yana cikin ƙa'idojin sana'ar, ana hukunta mutum a kansa. In kika saba tauna magana kafin ki fitar, zai bi ki har gida. Sannan yaron nan gaban yayar budurwarsa ya zo, wadda take matsayin uwa. Wane ɗa mai tarbiyya ne zai zo nan ya saki baki? Ga jarrabawar ICAN mai matakai uku, mutum ya tashi aiki ya kwana karatu, in ya faɗi takarda ya sake biya ya sake zama. Ramar da kika gani ba mamaki daga nan take.

Kada kuma a ɗauki shirun a matsayin tsoro. A 2002 wata mai binciken cikin gida a kamfanin sadarwa na WorldCom a Amurka, Cynthia Cooper, ita da 'yan tawagarta suka riƙa aiki da dare a ɓoye har suka tono ƙaryar dala biliyan 3.8 a littattafan kamfanin, duk da babban jami'in kuɗi ya nemi ta jinkirta binciken. Rabin aikina tambayar mutane ne abin da ba sa so a tambaye su, ido cikin ido, wasunsu sa'o'in mahaifina.

Alhaji, ranka ya daɗe, ware bashi cikin na shakka ba zargin mutumin Damagaram ba ne. Ana yi ne don kada littafi ya nuna maka ribar da ba ta shigo hannu ba, ka ci ta, sannan mota ta faɗi da kaya ko a rufe boda kamar yadda aka yi a 2023, mutumin kirki ya kasa biya ba da son ransa ba. Ranar da ya biya, a mayar da kuɗin mazauninsa.

Yayar Auta, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba Ma'aji, maganar shugaba mai rubuta "a biya" ta tsaya mini a rai. Na tambayi ƙanwata batun takardar lefe kamar yadda 'yar'uwa ta Kaduna ta ce. Bai soke komai ba, sai ma ya ce ta manta ba ta sa mayafai ba. Ya ce mata ba ya so ya shiga aure da bashi a wuyansa, shi ya sa yake so a sa rana daidai lokacin da zai gama tarawa. Maganar Alhaji ma na karanta mata, ta yi shiru, ta ce za ta yi tunani a kai.

Yanzu wani abu ne daban yake damuna. Kamfanin da yake aiki na mutum ɗaya ne. In maigidan ya matsa masa ya rubuta abin da ba haka ba, ya zai yi? Kuma Baba, ta ina zan ɓullo wa Gwaggo?

Tsohon Ma'aji, Katsina

Malama, wannan ita ce tambayar da ya kamata dangi su tsaya a kai.

Matsin yana nan. A kamfanin mutum ɗaya yakan zo ne da siffar littafi biyu, na gaskiya na maigida da na hukumar haraji, wani lokaci har da na uku da aka kumbura don banki. Ba a ce maka yi ƙarya, cewa ake "gyara mana shi". Ranar da abu ya fashe, maigida ya ce shi bai yi boko ba, ga wanda ya rubuta. ICAN da ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin ƙasar nan, duk suna da masu ladabtarwa da ke iya soke sunan mutum, kuma girma ba ya ceto. Arthur Andersen yana cikin manyan kamfanonin binciken kuɗi biyar na duniya, badaƙalar Enron, wani kamfanin makamashi na Amurka da yake bincika wa littattafai, ta shafe shi a 2002.

Abin da na ga yana kare ƙaramin akanta shi ne takarda. Duk umarnin da bai kwanta maka ba, ka ce ranka ya daɗe a rubuto mini. Yawancinsu a nan suke mutuwa, don mai ba da umarnin ba ya so a ga hannunsa. Sai kuma ajiya. Wanda ke da hatsi a gida kuma ya biya hayar shekara yana iya cewa a'a ya ɗauki hularsa ya fita. Wanda ya ci bashin lefe da na dina ba ya iyawa. Saboda haka in kuna so ya tsaya da gaskiya, kada ku ɗora masa bikin da ya fi ƙarfinsa. A kuma gaya wa yarinyar wata rana yana iya dawowa gida ba aiki saboda ya ƙi sa hannu, a ji me za ta ce.

Gwaggo kada ki yi musu da ita, ba za ta karɓi hujja daga bakin 'yar ɗan'uwanta ba. Ki roƙe ta ita da kanta ta je Kano ganin gida a matsayinta na uwa, ta gaisa da mahaifiyar yaron, ta wuni, ta ci abincin gidan, ta leƙa maƙwabta. Ta fi ni da ke sanin abin da za ta duba. Baffanku kuma ya kira yaron su biyu, ya tambaye shi kai tsaye ko an taɓa neman ya gyara lissafi, da abin da ya yi. Ya lura kuma ko zai zazzage masa sirrin kamfanin don ya burge shi, in ya yi haka ma abin dubawa ne. In Gwaggo ta dawo ki sanar da mu abin da ta gano.